Tsohuwar Majami'ar St. Bartholomew da Maƙabartar Wusasa

Wusasa tana gindin duwatsu, yamma da birnin Zariya. A can ne majami'ar St. Bartholomew ta ɗarikar Angalika take, wadda aka gina da ƙasa a 1929. Mun saba ƙirga tarihinta daga wannan shekara, amma a ganinmu kaburburan da suka riga ginin su ne mafarinsa.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar na mishan ɗin CMS zuwa Kano. Sarki Alu ya umarce su su fita daga birnin, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Can ciwon atuni ya kashe ɗayansu, Dudley Ryder, aka binne shi ba a kafa ko ikilisiya ɗaya ba. Likitan ayarin, Walter Miller, shi ne ya nace har ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani.

Sai kuma Isawa. Waɗannan almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Zuriyarsu suka nemo Miller, aka kafa musu ƙauyen masu bi a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga garin, ya ɗebi manya da yara, ƙauyen ya watse. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda daga baya suka zama tushen ikilisiyar Wusasa.

Da aka ɗauke mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, a zamanin Rabaran Guy Bullen, magina Hausawa suka ɗora majami'ar da tubali da azara, rufinta soro, bakan gizo na riƙe da shi kamar zauren sarki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a lokacin da ake kiran bangaskiyarmu addinin Bature. Kowa ya shiga, ya san ɗakin irin na gidansu ne. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe, damina kuwa ba ta yi wa kowa kara. Yanzu akwai babbar majami'a ta zamani a kusa, tsohuwar kuma tana cikin gine-ginen tarihi na Najeriya.

Wusasa ta yi asibitin St. Luke da makarantu, ta kuma fitar da mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko da Janar Yakubu Gowon. A maƙabartarta kuwa iyayen wannan zuriya ne ke kwance: malaman makaranta, masu bishara, ma'aikatan jinya, manoma. Har yau iyalai da suka bazu a Kaduna, Kano da Abuja sukan kawo mamatansu gida. Miller kansa ba ya cikinsu. Ya ga fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ya rasu a 1952, aka binne shi a Jos.