Lambar da Ke Kashe Mutum

A daminar 2004, shekara uku da shigowar wayar GSM Najeriya, aka fara rade-radin cewa akwai wasu lambobi da in sun kira ka, ka ɗauka, sai ka yanke jiki ka faɗi. Mu da ke Rigachikun, a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, labarin bai sha wahalar iso mu ba, direbobi ne suka sauke mana shi tare da fasinja. Lokacin waya ba ta kowa ba ce, yawancinmu a rumfar masu kiran kuɗi muke bugawa, amma duk da haka tsoro ya kama mu. Kamfanonin waya suka ƙaryata. A 2011 zancen ya dawo da lamba 09141, har sai da hukumar NCC ta fito ta ce kiran waya ba ya kisa.

Lambar ba ta kashe kowa ba, amma ta bar mana gado: mun ɗauka cutar waya kamar jifa take, daga nesa ake turo ta, ba ruwan mai wayar. Shi ya sa har gobe ake cewa wane ya amsa kira kawai, kuɗinsa suka ɓace. In aka bi diddigi, akasari za a tarar ya karanto wa mai kiran wani abu.

Ai sana'ar ta girmi intanet. 'Yan 419, waɗanda suka samo sunansu daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka, da wasiƙa da daɗin baki suka yi tashe. Da Babban Banki ya kawo BVN a 2014, sai salon ya koma "daga banki muke kira, za a rufe asusunka". Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuwa ya tura har mai shayi da mai nama cikin tiransifa, da yawa ba shiri.

Mukan ce talaka ba shi da abin sata. Yana da suna, yana da dangi. Lambobi shida na WhatsApp ɗinsa kaɗai ake roƙo, wai za a sa shi a taron wata ƙungiya. Kafin magariba yayarsa da ke Kawo ta tura kuɗin asibitin da bai kwanta ba.