Daga farar dalma zuwa man kariya daga rana

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma: ƙurar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Mutanen wannan yanki, daga Gwashi har Gummi, sun ga cewa ba duk abin da aka tono daga ƙasa ne ke da aminci ba.

Turawa ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Shekaru aru-aru matansu na shafa farar dalma a fuska, ana kuma fenti da ita, har wajajen 1920 da titanium dioxide ya fara maye gurbinta. Daga baya ya shiga man kare fata daga rana, tare da zinc oxide.

A 2022 Tarayyar Turai ta hana sanya shi a abinci, domin masananta sun kasa tabbatar da cewa haɗiyarsa ba ta lahanta ƙwayoyin halitta. Shafawa a fata ba ta haramta ba. Na fesawa, wanda ake iya shaƙa, shi ta taƙaita.

Wanda ke son kauce masa, musamman zabiya da rana ke jawo wa sankarar fata, ya karanta jikin kwalba, ya zaɓi na shafawa mai zinc oxide kaɗai, SPF 30 zuwa sama. Ya kuma binciki kwallin da ake sa wa jarirai a gidansa, domin dutsensa sau da yawa dalma ne.