Zalika Sule, Macen da ta Fara Fitowa a Silimar Nijar

Ya kai mai karatu, yau a Madarumfa ko yaro ya san sunayen ƴan wasan Kano, yana kallonsu cikin wayar hannu. Amma in ka tambaye shi wace ce Zalika Sule, sai ya yi shiru. To, matso ka ji labarinta, don kuwa tun fim ɗin Kano bai tsiro ba take wannan sana'a. Turmin Danya, wanda ake cewa shi ne farkon finafinan Kano, a 1990 ya fito. Ita kuwa tun 1966 ta fara.

An haifi Zalika a Yamai a 1947. A lokacin ƙuruciyarta, silimar da ake nunawa duk ta waje ce, ta kaboyi da ta Indiya. Bayan samun mulkin kai a 1960, wasu samari suka ce su ma za su gwada. Sun koyi riƙon kamara wajen wani Bafaranshe, Jean Rouch. Cikinsu akwai Mustafa Alasan da Umaru Ganda. Samun maza ƴan wasa bai yi wuya ba. Mace ce ta gagara, don ba uban da zai yarda a ga ɗiyarsa a bango, jama'a suna tafi.

Zalika ta yarda, ba ta ko cika shekara 20 ba. Fim ɗinta na farko shi ne Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan. Labarin wani saurayi ne da ya komo daga Amurka da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka dami gari. A ciki an ga Zalika da wando da malfa, bisa doki.

Daga nan sai ta koma aiki da Umaru Ganda. A Cabascabo, labarin tsohon soja ne da ya komo daga yaƙin Indocin, abokai da mata suka cinye masa kuɗi. An nuna shi a bikin silima na Cannes, a Faransa, a 1969. Sai Le Wazzou polygame, inda wani alhaji ya auri yarinyar da aka yi wa wani baiko. Zalika ta fito a kishiyar da zafin kishi ya kai ga kisan kai. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, ya ɗaga sunan Nijar. Ta kuma fito a Saïtane da L'Exilé na Ganda, da Aube noire na Jingarai Maiga a 1983.

To, ga inda gizo yake saƙa. Galibi a mugunya ko a mace mai zaman kanta ake sa ta. Ta kuwa iya wasan har mutane suka kasa raba ta da abin da take kwaikwayo. A ƙasashen waje ana tafa mata, a gida ana zaginta kan hanya. Ka duba, ashe gwanintarta ce ta ja mata baƙin jini.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Bayan haka kuɗin ƙasa suka yi ƙaranci, gidajen silima suka riƙa rufewa, aikin ya mutu a tsaye. Zalika ba ta tara kome ba. Rahamatu Keita ta same ta a Yamai, ita da ƴaƴanta, cikin gidan da ba ruwan famfo, ta yi fim a kanta mai suna Al'lèèssi, watau ƙaddara. Fim ɗin ya fito a 2004, aka nuna shi a Cannes a 2005. Kafin nan Zalika ta tafi ƙasar waje, tana aikatau a gidajen mutane. Allah ya yi mata rasuwa a watan Yuli 2021.

Mai karatu, abu biyu za ka riƙe. Na farko, wanda ya fito a ɓarawo cikin wasa ba ɓarawo ba ne, aiki aka ba shi, don mu gani mu gyara halinmu. Ƴan matan Kano masu wannan sana'a sun sha irin maganar da Zalika ta sha. Na biyu, abin da ba a rubuta ba mantuwa take cinye shi. Kai da ka koyi karatu da rubutu, akwai tsofaffin makaɗa da zabiyoyi da masu sana'a a garinku. Je ka gaishe su, ka tambaye su, ka rubuta tun suna raye. Allah ya ji ƙan Zalika, ya sa ta huta, amin.