Masallatan ƙasa na tsohon garin Agadas: wa ke da alhakin yaɓe?



Duk wanda aka ce ya zana Agadas, hasumiyar babban masallaci zai zana. Ita baƙo ke fara hangowa tun bai shigo gari ba, ita muke aika wa 'yan uwa da ke Libiya ko Aljeriya hotonta in kewar gida ta kama su. Amma hasumiya ba ita kaɗai ba ce a tsohon gari. A cikin lunguna akwai ƙananan masallatai na ƙasa, irin su Tende da Abawage, wasu ma in ba an nuna maka ba za ka wuce kana zaton zauren wani ne. A kansu muke son mu tsaya yau, sai dai dole mu bi ta kan babbar tukuna, don a jikinta ne aikin ya fi fitowa fili.

Sarautar Abzin ta zauna Agadas tun ƙarni na 15. Ruwayar gari ta danganta ginin babban masallaci da waliyyi Zakariyya, wajen shekarar 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo yaƙi garin. Abin da ba mu cika faɗa wa baƙi ba shi ne, hasumiyar da muke gani yanzu an sake gina ta a 1844. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, ya same ta sabuwa, shekara shida kacal da tayar da ita. Tsawonta metir 27, kuma ana lissafa ta gini mafi tsawo a duniya da aka yi da tubalin ƙasa zalla.

To me ya riƙe ta? Gindinta mai faɗi ne, tana tsukewa tana hawa, kenan nauyin sama bai fi ƙarfin na ƙasa ba. Tubalin kuma ba na kwali ba ne mai kusurwa huɗu. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai a tsuke, a shanya a rana, sannan a jera cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Itatuwan goruba da suka fito mata ta ko'ina, waɗanda yara ke cewa ƙayoyi, aiki biyu suke yi: suna ɗaure ginin daga ciki, kuma su ne matakalar magina ran da za a yi yaɓe. Wato tun ranar da aka gina ta an san za a dawo. Wanda ya dasa itatuwan nan ya bar wa jikokinsa wurin taka ƙafa.

Ku shiga ciki ku duba rufin. Gajere ne, ginshiƙai masu kauri, sahu a matse. Ba rashin gwaninta ba ne. Itacen goruba ba ya ɗaukar rufin ƙasa in tazara ta yi yawa, dole a kusanta ginshiƙai. Kaurin bango kuwa shi ke sa ka shigo daga zafin watan Mayu ka ji kamar an zuba maka ruwa. Ƙananan masallatan unguwa ma haka aka yi su, sai dai babu hasumiya: ɗaki mai sahu biyu ko uku, ɗan lungun liman da ya turo waje ta alƙibla, indararo a saman bango, shi ke nan.

Akwai wata magana a labarin Barth da ta fi tsaya mana a rai. An gaya masa cewa a dā garin yana da masallatai har 70, shi kuwa wajen 10 ya tarar ana salla a ciki. Ko da an ƙara gishiri a saba'in ɗin, tambayar tana nan: ina sauran? Shi dai ya ga kangaye birjik, don fatauci ya ja baya, mutane sun watse. Ginin ƙasa ba sai an kai masa gatari ba. In unguwa ta tashi, damina uku ko huɗu sun isa su maida masallacinta tudu. Garin ya sake ganin irin wannan watsewa bayan yaƙin Kawusan, wanda ya kewaye barikin Faransawa daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917; da sojojin Faransa suka karɓe gari an kashe mutane da yawa, har da malamai, wasu kuma suka yi hijira.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A arewacin Turai kowane ƙauye yana da cocinsa, kuma su ma sun sha fama da tambayar wa zai gyara. A ƙasar Norwe akwai tsoffin coci-coci na katako zalla, irin na Urnes da aka gina wajen 1130. A dā sun haura dubu, yau 28 suka rage, kuma waɗanda suka ragen ana ta sake shafe su da baƙin ƙaron itace don kada ruwa ya ci katakon. Yaɓensu ke nan. A Ingila tun zamanin dā an raba nauyin gida biyu: ɓangaren da jama'a ke zama, mutanen ƙauye ke gyara shi, ɓangaren da limamin coci ke tsayawa kuma yana wuyan mai riƙe da cocin. A Faransa, bayan dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati, galibin tsoffin coci-cocin ƙauyuka suna hannun ma'aikatar magajin gari, in rufi ya yi yoyo an san ƙofar da za a buga. Mu da muka yi lakwal an koya mana dokar 1905 don jarrabawa, ba wanda ya ce mana maganar rufi ce.

Mu fa, ƙofar wa za a buga? Babban masallaci yana da gata. Yana maƙwabtaka da fadar Sarkin Abzin, kuma tun 2013 da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas da unguwanninsa 11 cikin kayan tarihin duniya, ido yana kansa. Masallacin lungu a Amdit ko Obitara ko Katanga kuwa, gatansa liman ne da ladan da tsofaffi biyar da ba su fashin asuba. In bango ya tsage, sai a jira wani mai hali ya ji tausayi.

Kuma mai halin, Allah ya saka masa da alheri, sau da yawa da buhun siman yake zuwa. A nan ne mu ba mu yarda ba. Siman a kan bangon ƙasa yaudara ce: waje sumul, amma in ruwa ya sami ƙaramar tsaga ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Wani kuma cewa yake a rushe gaba ɗaya a yi na bulo da rufin tol. An sami faɗi, gaskiya ne, ba mu musa ba, jama'a sun ƙaru kuma suna bukatar wuri. Amma sai a koma neman kuɗin fanka da na wuta, a ginin da kakanni suka yi salla cikin sanyi ba da ko dala ba.

Kada wani ya ce ai nan hamada ce, ruwan me? Mutanen gari ba su manta farkon Satumba 2009 ba, da ruwan Telwa ya ɓalle cikin dare ya kwantar da gidaje masu yawan gaske. A watan Agusta 2023 wani sashe na rufin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani tun wajen 1830, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. A Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, da yawanmu mun ga bidiyon a waya. Waɗannan fa manyan masallatai ne da kowa ya san sunansu.

Aikin da ke hana irin wannan ba mai tsada ba ne. A hau rufi a share indararo, a toshe ramukan da ruwan bara ya bari, a duba gindin bango inda ruwan alwala ke kwanciya, a duba itacen rufi ko gara ta shiga. Ƙasa da ciyawa da ruwa da magini ɗaya wanda ya san kwaɓi, sai samarin unguwa masu miƙa masa. Maginan da suka gaji aikin suna nan da ransu, amma yawancinsu furfura ta fito, yaran da ya kamata su tsaya bayansu kuma sun tafi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten. In za a kira su a nuna wa yara, kafin watan Yuli ya kamata, don in hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sabon yaɓe ba ya samun ranar bushewa.