TSOFAFFIN HOTUNA DA HAZON DAMARGU

 

Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin tsofaffin hotunan ƙasarmu, masu launin ruwan ƙasa. A gaba ga raƙumi ko bakin rijiya, a bayansu kuwa sai fari fat, ba dutse, ba itace, ba gari. Yaranmu da suka tashi a birni sukan duba su ce ashe Damargu dama fako ce tun asali. Wannan magana ita ta sa muka ɗauki alƙalami, domin kuskure ne.

Mu fara da mai shaidar da ya zo ba na'urar hoto. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri na Kel Ewe. A Tagelel, cikin Damargu, ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, wanda ya nufi Damagaram, shi kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Ya rubuta cewa da hatsin Damargu mutanen Abzin suke rayuwa. To, ƙasar da ke ciyar da maƙwabta ai ba a ce mata fako.

Bayan shekara 48 ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya ƙetaro hamada daga Aljeriya. Sun bar Agadas a watan Oktoba na 1899, suka ratsa Damargu, suka isa Damagaram a farkon Nuwamba. Foureau yana ɗauke da na'urar hoto, kuma a 1902 ya buga littafin tafiyar da hotuna a ciki. Daga nan sojoji da ma'aikatan bariki suka ci gaba da ɗauka, musamman da Damagaram ta zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926. Waɗansu hotunan aka mai da su katin aika wa gida.

Me ya sa bayan hoton yake fari? Dalili biyu ne. Na farko hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta rufe sararin sama. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin tafiya, an gama kaka, sanyi ya sauka, ayari ya kama hanya. Baƙo yakan tarar da gonaki an girbe, ciyawa ta bushe, nesa ta ɓace. Na biyu shi ne kayan aikin. Gilashin da ake ɗaukar hoto a kansa a zamanin nan ya fi jin hasken shuɗi, saboda haka sama da hazo sukan haɗe su fito fari ɗaya. Abin da idon mutum ke iya hangowa dishi-dishi, gilashin ya shafe shi sarai.

Launin kuma fa? Yara suna zaton ƙurar Damargu ce ta rina takardar. A'a. Hoton baƙi da fari da ƙwayoyin azurfa ake yinsa, azurfa kuwa iska da laima suna cinta. Sai masu wanke hoto suka gano dabara: a tsoma takardar a wani ruwan magani har hoton ya kusa ɓacewa, sa'an nan a tsoma ta a ruwan da ke da farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hoton sai ya dawo da launin ruwan ƙasa, ya kuma fi jure shekaru. Turawa suna kiran launin sefiya, sunan wata dabbar teku da ake samun tawada irin wannan a jikinta. Amma a lura, akwai hoton da ya yi ja don tsufa da rashin wanki mai kyau. Wannan shi mutuwa yake yi a hankali, yana bukatar gaggawa.

Ga abin da ke damunmu. Hoto ba ya magana, sai an yi masa. Abin da hazo ya ɓoye yana cikin kan dattawanmu: sunan rijiyar, wanda ya gina ta, itatuwan da ke gefenta kafin farin 1973 da na 1984 su halaka dabbobi su warwatsa jama'a. In suka tafi da shi, farin nan na bayan hoto shi zai zama tarihinmu.

Saboda haka muna roƙon kowane gida ya buɗe adaka da akwati. Duk hoton da aka samu, na wuri ko na mutane, a kai wa tsoho ya duba. A rubuta sunan wuri da shekara da sunayen mutane a bayansa da fensir, kada a sa biro don tana huda takarda. A raba shi da rana da laima da gara. Masu wayar hannu su ɗauki kwafinsa su aiko wa ƙungiya. In kun zo gida da damina, ku ɗauki wurin nan ɗin yana kore, mu ajiye su tare domin jikoki.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.