Mazajen Badar da ke Kwance a Baƙi'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, an gwabza yaƙin Badar ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira (624 Miladiyya). Musulmi 313 ne bisa mashahurin zance. 14 suka yi shahada, aka binne mafi yawansu can a fagen fama. Sauran suka komo Madina, kuma da dama daga cikinsu suna kwance a Baƙi'a, maƙabartar da ke gabas da Masallacin Annabi (SAW).

Farkon Muhajirin da aka binne a cikinta shi ne Sayyidina Usmanu ɗan Maz'un, wanda ya rasu ba da jimawa ba bayan dawowa daga Badar. Manzon Allah (SAW) ya sumbace shi yana hawaye, sannan ya ɗauko dutse da hannunsa mai albarka ya ajiye wajen kansa, domin ya riƙa gane kabarin, ya kuma binne iyalansa kusa da shi. Haka kuwa aka yi da ɗansa Ibrahim. A shekara ta 32 aka kawo Abdurrahman ɗan Aufu da Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda ya ƙarasa Abu Jahali.

Labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya fi taɓa zuciya. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta karya Farisa a Ƙadisiyya, amma da ajali ya kusanto a shekara ta 55, bai nemi komai na waccan nasara ba. Wata tsohuwar jabbar ulu ya sa aka ɗauko, wadda ya sanya ranar Badar, ya adana ta shekara 53 domin ta zama likkafaninsa. Daga gidansa na Aƙiƙ aka ɗauko shi bisa kafaɗun mutane har Baƙi'a.

An rushe ƙubbobin maƙabartar a 1806, aka sake ginawa, aka kuma rushe su a Shawwal 1344 (1926). Yau alhaji ba ya ganin suna ko rubutu, sai tudun ƙasa da duwatsu, kuma sau da yawa yakan wuce gwarzon Badar bai sani ba. Muridin da ya saba tawassuli da Ahlul Badari a gida, ya kamata ya haddace waɗannan sunaye kafin ya tashi, domin idan an buɗe ƙofa bayan Asuba ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ƙara musu yarda.