Tasawa da Mayahi: tarihin ƙasa a bakin gona

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi zuwa Damagaram da kaka, zai ga gonakin hatsi da dawa da wake sun haɗe da juna, babu dajin da ya raba wannan gari da wancan. Ba haka ƙasar take ba shekaru ɗari da hamsin da suka wuce. A wancan zamani daji ne ya yi yawa, mutane suka yi kaɗan; yau kuwa mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan. Wannan juyi shi ne ƙashin bayan tarihin gundumomin Tasawa da Mayahi, kuma shi ne tushen siyasarsu.

Gundumomin biyu suna cikin jihar Maraɗi, Tasawa a gabas, Mayahi a arewa maso yammacinta. Ƙasa ce ta jigawa mai rairayi, damana guda, ruwan sama kuma yana raguwa duk sa'ad da aka ƙara nausawa arewa. Gulbin Kaba ya ratsa yankin, amma ba kogi ba ne mai gudu, tsohon kwari ne inda ruwan ƙasa yake kusa. Sunansa ya fito daga kabar goruba, wadda ake saƙa tabarmi da igiya da ita.

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa gadonsu a Maraɗi. Tasawa ta zauna cikin wannan sabuwar daula, a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Abzin da gishiri zuwa Katsina da Kano. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka garin a watan Janairu na 1851. Sai dai zamani ne na hari da bauta, saboda haka manomi ba ya nisa da ganuwa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 rikicin gidan sarauta da Ƙaura Hasau ya sa Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya zauna Tasawa.

A nan Turawan Faransa suka iske shi. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta karkashe jama'a tun daga bakin kogin Kwara, a wannan ƙasa ta wargaje. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine da Voulet a wajejen Maijirgi. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 suka ja iyakar da ta raba Tasawa da Katsina. Garin ya zama mazaunin kwamandan, har 1927 da aka mayar da cibiyar mulki Maraɗi.

Da yaƙe-yaƙe suka kwanta, sai manoma suka fantsama cikin daji. Magidanci ya gina rijiya, ya yi sassabe, ƙauye ya ɗauki sunansa. Shi ya sa sunayen garuruwa masu farawa da «Gidan» ko «Ɗan» suka yawaita a ƙasar Mayahi. Wasu kuma gudun haraji da aikin tilas ne ya kai su can. Harajin na kuɗi ne, kuɗin kuwa daga gyaɗa yake fitowa. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa. Gonaki suka faɗaɗa, aka daina barin saura ta huta, noma ya kutsa cikin makiyaya, duk da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa.

Farin 1973 zuwa 1974 ya tone asirin wannan tsari. Yunwa na cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974. A 1975 cuta ta cinye gyaɗa, wake ya maye gurbinta a gonaki da yawa. Yunwa ta sake dawowa a 1984, sannan a 2005, shekarar da hatsi yana nan a kasuwa amma talaka bai iya sayensa ba.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace ɗaya daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500. Gandun iyali ya tsattsage wajen rabon gado, gamanar mata ta ƙanƙance, gonar da a da ake bayarwa aro ta koma ta jingina da sayarwa. A da, manomin da ya ɗaure dami dubu shi ake naɗawa sarkin noma. A yau magidanta da dama rumbunsu ba ya kai su wata damana, sai samari su tafi cin rani.

Hukuma ta nemi magani ta hanyar dokar tsarin karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye domin rubuta mallakar gona da shata burtali. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba garuruwa irin su Korgom, Urafan, Kanambakashe da Sarkin Hausa majalisun kansu, waɗanda mahukuntan soja suka rusa a 2024. Duk da haka, idan rigimar iyakar gona ta tashi, ƙofar mai gari da ta sarki ake fara zuwa.

Manoma su ma ba su zauna jiran hukuma ba. Tun daga shekarun 1980 suka koma barin tohon itatuwa a gona, suna sassabe shi da hankali maimakon tumɓuke shi. Gawo ya dawo, yana ba ƙasa taki, yana ba dabbobi abinci da rani.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu akwai aikin gaggawa a nan. Tsofaffin da suka san wanda ya gina rijiyar gari, da inda burtali ya bi, suna ƙarewa. Abin da suka sani tarihi ne, kuma shaida ce ranar da za a yi shari'ar gona. Ya kamata a rubuta shi da Hausa tun suna raye.